Ziyarar Marinar Ƙofar Mata: Hoto Muka Je Ɗauka

Tun kafin idonmu ya ga ramukan rini, hanci ya gaya mana mun iso. Wari ne mai kauri, irin na ganyen da ya daɗe a jiƙe. 'Yan matan ajinmu suka ja gefen hijabi suka toshe hanci, malaminmu na tarihi kuwa ya yi dariya, ya ce mu saki, domin warin nan ne shaidar farko cewa babu algus a cikin ramin.

Marinar Ƙofar Mata tana cikin birnin Kano, ba nisa da Asibitin Murtala. A bakin shiga an rubuta shekarar 1498, wato zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin garin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Har yau Buzaye suna ji da rawanin nan mai sheƙi wanda ke barin shuɗi a fatar mai shi.

Wani dattijon marini ya zaunar da mu a bakin raminsa, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ramin ya fi tsawon mutum zurfi nesa ba kusa ba. Ruwa ake zubawa, a sa toka da baba da katsi, a riƙa motsawa da doguwar sanda, sannan a jira kwana da kwanaki har haɗin ya nuna. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne lokacin da ya tsamo ƙyallen: kore-kore ya fito! Muna tsaye muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wani ɗan ajinmu mai son kimiyya ya ce iskar oksijin ce ta taɓa shi, kuma gaskiyarsa ne. Shi ya sa marini ke tsomawa ya ɗaga, ya sake tsomawa ya ɗaga, sau da yawa, gwargwadon duhun da ake so. Daga nan sai wurin masu bugu, inda ake lafta wa yadin katako har ya ɗauki ƙyalli.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan aiki lokaci yake ci, ga shi a kasuwa akwai garin rini na kanti da ake damawa a ruwan zafi, kafin azahar an gama, kuma kowace kala kake so akwai. Ga atamfa da shadda 'yan waje masu arha. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido sau da yawa bai san bambanci ba. In ya ga ja ko ruwan hoda ya burge shi, shi zai nuna. Mai sana'a kuma yana da iyali. Ba ma ganin laifin wanda ya ajiye kala-kala don ya samu na cefane. Abin da ba ma so shi ne a miƙa wa baƙo rinin kanti a ce masa na baba ne, domin ranar da ya gane, har na gaskiyar ba zai ƙara yarda da shi ba.

Da muka zaga, sai muka lura ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari yawa ba. Wasu sun bushe, ƙasa da ledoji sun cika su. Ramin rini ba kamar tsohuwar takobi ba ne da za a rataye a Gidan Makama a riƙa kallo. In ba a haɗa shi ba, ba a motsa shi ba, mutuwa yake yi. Kuma in matasa ba su ga abin da sana'ar ke kawowa ba, wa zai zauna ya koya? Ana iya gyara katanga a shafa fenti, amma sanin lokacin da baba ya nuna a hannun mutum yake, ba a jikin bango ba.

A nan ne kunya ta kama mu. Mun fi awa biyu a wurin, kowa waya a hannu, wannan ya riƙe sandar motsawa a ɗauke shi, wancan ya tsuguna kamar shi ne marinin. Mun tsayar da dattijon daga aikinsa, mun sha tambayoyi, kuma har muka doshi mota babu wanda ya sayi ko hankici. Ɗaya daga cikinmu ma ledar ruwansa ya yar a gefen wani busasshen rami, sai da shugabar aji ta sa ya koma ya ɗauka.

Muka tsaya a bakin ƙofa muka yi karo-karo da ragowar kuɗin tara. Abin da muka haɗa ya sayi ƙyalle ɗaya mai zanen da'ira, wanda mata ke ɗaurewa da zare a gida kafin a kawo shi rami. Yanzu yana shimfiɗe a kan teburin malami a ajinmu. Duk wanda ya goga yatsa a jikinsa sai ya ɗago da ɗan shuɗi, kuma har yau warin bai gama fita ba.