Tsohon Babur A Hanyar Kafanchan

Duk wanda zai hau tsohon babur zuwa kudancin Jihar Kaduna, to, ya yi guzurin haƙuri. Na baro Kaduna bisa Honda CD175 da na gada wurin mahaifina, na bi ta Kaciya da Zonkwa. Ina dab da Kafanchan ruwa ya kece, fitila ta dushe, inji ya mutu, ga magariba ta kawo jiki. Haka na tura shi har bakin tashar jirgin ƙasa, wadda ta mai da garin mahaɗar hanyoyin dogo tun 1927.

Nan na iske wani dattijon bakanike. Ya ce, "Ɗana, kada ka yi saurin zargin kwayil. Fiyus ake fara dubawa, sai kan batir, sai wayar da ke ɗaure jikin ƙarfe, sa'an nan fulogi." Ashe wayar ce ta yi tsatsa, kondansa kuma ya ƙone.

Samun kondansa shi ne jidali. Babur ɗina mai wutar bolt 6 ne, su Bajaj na yanzu kuwa 12 suke ci, kayansu ba sa shiga nasa. Sai dai a aika Panteka a Kaduna, ko Nnewi. Allah Ya taimake ni, Baba ya ciro ɗaya jikin wani mataccen babur.

Da hantsi ina gaban ruwan Matsirga, duwatsun Kagoro na hango ni. Mai niyyar wannan tafiya, ya riƙe fiyus da fulogi da kondansa a aljihu.