Akurkin Duna

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zancen kare zan yi maku. Don Allah kada ku yamutsa fuska.

A Fakuwa, can ƙasar Kankiya, ba a ajiye kare don ado. Ko dai na farauta ne, ko mai gadin garke da gona, waɗanda malamai suka ce shari'a ta yarda da su. Nawa na gadi ne. Na karɓo shi yana ɗan kwikwiyo bayan an kwance mana awaki biyu a dare ɗaya, na sa masa suna Duna. Uwargida ta kafa sharaɗi: ranar da ya sa baki a butar alwala ko ya taka tabarmar salla, ranar zai bar gidan. Maƙwabcina kuma ya ce in aka taɓa masa kaji, sai dai mu haɗu gaban mai unguwa.

Mutane suka ce in ɗaure shi da sarƙa, na ƙi. Duk karen da na san ya tashi a ɗaure, mafaɗaci ya zama, ranar da ya tsinke kuwa yara ke shan cizo. Cizon kare kuma ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara.

Sai na sa kafinta ya buga masa akurki na katako, daidai yadda zai miƙe, ya juya, ya kwanta ko ya girma. Muka ajiye shi a gindin bedi, wato darbejiyar Kanawa, don zafin Afrilu na nan ba ya raga wa kowa.

Aikin duka yana ga ƙofa. Kwanakin farko ban rufe ta ba ko sau ɗaya. Ɗumamen tuwo kawai nake sa masa a bakin akurkin, gobe in matsa da kwanon ciki kaɗan, jibi can ƙurya, har ya riƙa shiga da kansa yana kwantawa kan tsohon buhu. Sannan na fara rufewa yana cin abinci, in buɗe kafin ya yi kuka. Daga mintuna har muka kai awa biyu, ba na wuce haka, don kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari. Yara kuwa na ja masu kunne: "Kai, ko takalmin wa ya tauna, kada wanda ya jefa shi ciki don horo." Ɗakinsa ne, in ya zama kurkuku ba zai sake shiga da daɗin rai ba.

A Suwidin doka ta hana kulle kare a keji sai da dalili irin na tafiya, kuma ban ga laifinsu ba, akwai masu rufe dabba yini guda su manta. Duna dai lokacin salla da zuwan baƙi yake shiga. Da an yi isha'i nake buɗe masa, ya nufi wajen awaki.