Shekarar da 'yata ta raba ƙafa tsakanin sakandare da kwaleji

Tun 1985, zamanin Gwamna Rudy Perpich, jihar Minnesota ta Amurka take da tsarin da ake kira PSEO. Ɗalibin aji 11 ko 12 yana iya ɗaukar darussa a kwaleji, jiha ta biya kuɗin karatu da littattafai, makin kuma a ƙirga masa a makarantun biyu. A bakin maƙwabciyata 'yar Somaliya na fara jin labarin a Minneapolis. Ta ce mini kada mu yi sake 30 ga Mayu ta wuce ba mu sanar da makaranta ba.

Mu iyaye kuɗin muka hango, kuma ba laifi ba ne, don bashin karatu yana bin mutum har furfura a ƙasar nan. 'Yata kuwa, mai shekara goma sha shida, wata duniya ta tarar. Ba ƙararrawa, ba mai tambayar aikin gida. Ran farko malami ya miƙa takardar tsarin zangon baki ɗaya, shi ke nan. A gefenta akwai wata mata mai 'ya'ya uku da ke zuwa daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Na ga yadda zama da matar nan ya sauya wa 'yata magana. Ta daina ƙorafin sanyin jiran bas.

Sai darasin sinadarai ya kayar da ita a jarrabawar farko, ta yi gum. Da na gane, na je kwalejin, aka gaya mini cikin ladabi cewa ba za a tattauna makinta da ni ba sai da izininta a rubuce. Raina ya sosu ƙwarai, domin makin nan zai zauna a takardarta ta jami'a har abada, ga ta yarinya.

"Umma, ki bari ni zan je," in ji ta. Ta riƙa zuwa ofishin malamin a sa'o'in da ya ware wa ɗalibai, har ta haye.

Abin da ta rasa shi ma ba ƙarami ba ne: hirar ƙawaye lokacin cin abincin rana ta wuce ta. Da ƙanenta ya kai aji 11, ita ta ba shi shawara ya fara da darasi ɗaya tak, ya bar sauran a sakandare.