Yadda Duna ya fitar da ni da Baba daga gida (zare) 🧵

1/ Jiya wani abokina ya ɗora hotona a WhatsApp ina jan kare da igiya a bakin titin Bodinga, ya rubuta "ɗan boko ya koma bawan kare" 😂 Na yi dariya, ban ji haushi ba. Amma bari in ba ku labarin karen nan, don ba banza nake janshi ba. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Sunanshi Duna. Baƙi ne ƙirin, dogo, siririn ciki, irin karnukan mafarauta. Asali ba namu ba ne, na Kawuna ne, yayan Innarmu, da ke zaune wani ƙauye kusa da Shagari. Kawu mafarauci ne tun yana saurayi. Idan rani ya shigo an gama girbi, su da karnukansu sai daji.

3/ Duna ya tashi ne cikin wannan rayuwa. Kare ne da ya saba wuni yana gudu bayan zomo da gafiya, ya sha ruwa a fadama, ya dawo gida ya zube kamar tsumma. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

4/ Ƙarshen 2021 Kawu ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ya zo mishi da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da bai taɓa zuwa an auna jininshi ba ko sau ɗaya. Ya rayu, alhamdulillah, amma farauta ta ƙare. Karnukan aka rarraba, Duna ya faɗo gidanmu a Bodinga.

5/ Baba ya karɓe shi ne saboda tumaki. An taɓa yi mana satar rago biyu dare ɗaya. Sai aka kafa turke kusa da garke, aka sa mishi sarƙa, aka aje kasko na tuwon da ya kwana. A tunaninmu mun gama mishi komi. Ga abinci, ga ruwa, ga inuwa. Mi kuma yake so?

6/ Wata biyar yana ɗaure. Haushi dare da rana. Ya haƙa rami ya zagaye turken, ya cinye igiyar shanya, wuyanshi duk ya saɓule saboda jan sarƙa. Ko ni da nake kai mishi abinci sai na tura kaskon da sanda. Muka yanke hukunci kawai: mugun kare ne.

7/ Ni ma a lokacin ɗaure nake, turkena dai daban ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Ina shekarar farko a jami'ar Ɗanfodiyo aka ce mu koma gida. Na shiga ɗaki na rufe, daga ni sai waya.

8/ Barci sai ƙarfe uku na dare. In aka tashe ni Asuba in yi da ƙyar, in koma sai kusan azahar. Kaina kullum a ɗaure, ƙaramin abu sai faɗa. Inna ta ce min wata rana, "Kai da karen can ban san wa ya fi wani baƙin rai ba." Na ɗauka wasa take.

9/ Ranar da abin ya fashe, wata Laraba ce da yamma. Ƙarfen sarƙar ya tsinke, Duna ya fice a guje, ya ci karo da yaron maƙwabcinmu ɗan shekara bakwai yana dawowa daga makarantar allo. Ya cije shi a ƙauri. Har yau in na tuna kukan yaron jikina sanyi yake.

10/ Allah ya taimake mu akwai wani yayanmu a unguwa da ke karatun likitan dabbobi, shi ma yajin aiki ya maido shi gida. Shi ya hana a barbaɗa toka da gishiri a ciwon. Ya sa aka yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan aka wuce asibiti.

11/ Don Allah ku aje wannan ko ba ku da kare: ciwon haukan kare, in alamunshi suka riga suka fito a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan dubu 59 duk shekara, mafi yawa Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa cikinsu.

12/ Wanki da sabulu nan take, sai allurai a asibiti tun kafin wata alama. Ba a jira. Alluran yaron sai da Baba ya sayar da tunkiya aka biya. Ku duba ikon Allah, karen da aka kawo tsaron tumaki shi ya ci mana tunkiya ba tare da ya taɓa ta ba.

13/ Maƙwabcin ya kai ƙara wurin mai unguwa, kuma gaskiyarshi ce. Baba ya dawo fuska ba walwala ya ce, "Gobe a kashe shi ko a ba masu saye." Yayan nan ya roƙa a tsare shi kwana 10 ana kallo, don in yana da ciwon, cikin kwanakin zai nuna. Baba ya yarda da ƙyar.

14/ Kwana 10 suka cika Duna lafiya lau, yaro ma ciwo na warkewa. Yaya ya zo ya tsaya nesa yana kallon ramin da karen ya haƙa. Ya ce min, "Wanga kare ba hauka gare shi ba. Ka ɗauki mai gudun daji ka ɗaure wuri ɗaya wata biyar. Kai in an yi maka haka ya za ka zama?"

15/ Na yi shiru, don amsar tana ɗakina. Nan na je na durƙusa gaban Baba. "Baba, a ba ni wata ɗaya. In bai canza ba ni da kaina zan kai shi." Ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka iya tashi Asuba?" Sai dai bai ce a'a ba.

16/ Aka fara da allurar rigakafi, wadda ake yi wa kare duk shekara. Na sayi igiya mai ƙarfi wurin masu sayar da kayan shanu, na naɗe wuyan da tsumma saboda ciwon. Washegari ana sallame Asuba muka fita ta bayan gari, hanyar gonaki, inda ba yara.

17/ Makon farko wahala ce zalla. Shi ke jana, ba ni ke janshi ba. Tafin hannuna ya yi kanta. Ya ga akuya ya zabura, ya ga mai babur ya zabura. Dabarar da aka koya min ɗaya ce: in ya ja, ka tsaya cak. Sai igiya ta yi sako-sako ku ci gaba. Ba duka, ba tsawa.

18/ Sai maganar mutane. "Ina za ka da najasa da sassafe?" "Bature ya fito shan iska." Har wani dattijo ya tare ni ya ce in ji tsoron Allah. Abin ya dame ni, na je na tambayi malamin da muke ɗaukar karatu wurinshi a zaure.

19/ Ya ce min aje kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona, shari'a ta yarda. A mazhabar Malikiyya kuma ba a ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, ko da yake in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Ni ba malami ba ne, kowa ya koma ga nashi malamin.

20/ Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya ce duk dabbar da ka ɗaure, haƙƙinta ya hau wuyanka. Ya tuna min labarin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, da na mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta mishi. Tun ranar ban sake jin kunyar igiyar ba.

21/ A mako na uku aka fara ganin canji. Haushin dare ya ragu sosai, sai in da gaske ya ji motsi. Ya daina haƙa. In muka dawo ya sha ruwa ya miƙe a inuwa sai barci. Ƙanena ya fara kai mishi abinci da hannu, ba sanda. Ashe abin da muke kira mugunta, ƙarfi ne da ya rasa wurin zuwa.

22/ Ni kuma? Wanda zai fita da kare bayan Asuba ba ya kai ƙarfe uku yana danna waya. Goma na yi nake zubewa. Ciwon kan nan ya tafi. Minti 40 kullum ba waya a hannu, don hannu biyu igiya ke so. Wallahi na manta rabon da in yi tunani mai tsawo sai lokacin.

23/ Na kuma san garinmu. An haife ni Bodinga amma ban taɓa ganin yadda masu albasa ke ban ruwa kafin rana ta fito ba. Na bi hanyar Sifawa da ƙafa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Kullum a mota nake wuce shi, kaina cikin waya.

24/ Yanzu ga ainihin dalilin zaren. Bayan abin da ya sami Kawu, Inna ta matsa sai da Baba ya je aka auna shi. Shi ma jininshi ya hau. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiya da ƙafa. Magani ya sha. Tafiya kam ya ce ina!

25/ Ku da kuka san dattawanmu kun san matsalar. Babban mutum ba ya fita yawo haka kawai. Ko masallaci, ko kasuwa, ko gona, ko gaisuwa. In aka gan shi yana zagaya gari ba dalili, sai a fara tambaya ko lafiya. Baba da babur yake zuwa ko shagon da ke bayan gida.

26/ Wata safiya na fito da Duna, sai na ga Baba a ƙofar gida da sandarshi. Ya ce, "Mu je in ga gonar nan, kuma ban yarda da riƙon da kake yi wa karen nan ba." Na ce to Baba. Ban yi dariya ba sai da na juya baya 😅

27/ Daga ranar kullum akwai dalili. Yau duba gero, gobe duba shinge, jibi wai kar kare ya kufce min. Duk wanda ya tambaya, "Raka yaro nake da karen nan." Duna ya ba shi abin da takardar likita ta kasa ba shi: hujjar da zai faɗa wa mutane.

28/ Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Baba yana wuce haka bai ma san da lissafin ba. Da ya koma asibiti aka ce jinin ya sauka, ya ci gaba da magani da tafiyar duka. Ku lura, duka biyun. Tafiya ba ta maye gurbin magani.

29/ A hanyar nan ne na fara hira da mahaifina kamar mutum da mutum. Ya ba ni labarin zaɓen 1979, yadda yankinmu ya cika da murna da Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, shi yana yaro yana bin motoci a guje. Shekara 19 muna gida ɗaya ban taɓa jin wannan ba.

30/ In za ku fara, ga abin da na koya da wahala. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mu, da lallage harshe yake huce zafi, kuma kwalta na ƙona mishi ƙafa. Fita sai sassafe ko dab da magariba, da gorar ruwa.

31/ In kun dawo ku duba tsakanin yatsunshi saboda ƙarangiya da ƙaya, ku duba kunne da wuya saboda kaska. Kar ku kwance igiya kusa da yara, ko garken Fulani, ko gonar mutane. Ku kauce wa ƙofar masallaci. Kuma allura kafin komi. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ku riƙa tunawa da ita.

32/ Bara da Babbar Sallah muka sami a-kori-kura ta wani aboki, muka ɗora Duna a baya zuwa ƙauyen Kawu, don ba direban haya da zai ɗauke shi. Tun daga kwanar Shagari ya fara kukan murna. Ana sauke shi ya ja ni har gaban tabarmar Kawu ya kwanta.

33/ Maganar Kawu ba ta fita sosai yanzu. Ya ɗora hannun da ke aiki a kan Duna, ya shafa haƙarƙarinshi da cinyoyinshi yadda mafarauta ke duba kare. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yana gudu." Na ce e Kawu, kullum. Inna ta juya ta shige ɗaki.

34/ Yanzu ina makaranta, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Baba ke fita da shi, wani lokaci tare da yaron nan da ya cije, wanda har yau tabon na ƙafarshi. Mahaifinshi ya daɗe kafin ya yarda, kuma ban ga laifinshi ba.

35/ In gidanku akwai kare a turke, je ka duba ko ya fara haƙa rami. In kuma akwai dattijon da aka ce ya riƙa tafiya ya ƙi, kar ka tsaya yi mishi lacca, nemo mishi dalilin fita. Wanda ya ɗora hotona kuma, gobe Asabar bayan Asuba ina ƙofar gidanku, ka sa takalmi mai kyau 😂