Awo Biyu

Kwanan baya wani abokin aikina ya nuna mini hoton wata na'ura da maharban Amurka ke kafawa a gida, suna sake ɗura kwanson harsashin da aka riga aka harba. Ya ce iri biyu ce. Akwai mai ɗaukar kwanso ɗaya, irin Rock Chucker ta kamfanin RCBS, wadda kowane jan hannu aiki guda take yi. Akwai kuma mai juyawa irin ta Dillon, mai fitar da ɗaruruwa cikin awa ɗaya. Masana harkar kan shawarci ɗan koyo ya fara da ta farkon, domin babban abin tsoro shi ne a zuba albarushi sau biyu ba a lura ba.

Yana faɗin haka sai gabana ya faɗi, don kuwa ni na san awo biyu.

Kawuna maharbi ne, da bindigar toka yake farauta. Ma'auninsa wani ɗan tsinin ƙaho ne, cikinsa ɗaya ba ƙari. A jikin sandar ɗurin kuma ya yi zane, in ya zura ta a bututu ya ga inda ta tsaya, ya san abin da ke ciki.

Da ranin 1994, ina shekara goma sha uku, ya ce in zuba masa. Na zuba, sai Inna ta kira ni. Da na dawo na rasa ko na zuba ko ban zuba ba. Kunyar tambaya ta sa na ƙara. Gangar mafarauta na ta kira, Kawu ya toshe ya fita bai dubi zanen ba.

Da la'asar aka dawo da shi, bututu ya tsage, yatsu biyu na hagu sun tafi.

Shekara ashirin ina ɗauke da abin nan a raina. Ranar da na durƙusa na faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Tun daga ƙarar na sani, yaro. Kai ka ƙara, ni kuma ban duba ba. Allah Ya yafe mu duka."

Kawu ya rasu, ƙahon yana aljihun teburina. Shi ya sa duk ɗalibin da ya ce, "Malam, ban gane ba," ba na yi masa tsawa.