Godiya Ga Injiniyan Da Ya Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta

Ƙanena Injiniya,

Na rubuto ne a madadin malamai da ɗaliban makarantarmu da ke ƙaramar hukumar Minjibir, domin in yi maka godiya a bainar jama'a. Ka roƙe ni kada in ambaci sunanka, kuma zan cika alkawari. Amma aikin da ka yi ba zan ɓoye shi ba. Duk makarantar da ta rufe ɗakin kwamfutarta saboda irin larurar da ta same mu, ya kamata ta ji cewa abin yana da magani, kuma sau da yawa maganin ba mai tsada ba ne.

Ga wanda bai san ɗakinmu ba, ba irin shagon kwamfuta na cikin birni ba ne, inda kowane tebur ke da cikakkiyar na'urarsa. Kwamfuta ɗaya ce babba a kusurwa, wadda ku masu sana'ar kuke kira saba. Abin da ke gaban ɗalibi kuwa allo ne da kibod da linzami, sai wani ɗan akwati manne a bayan allon. Wannan akwati ba shi ke yin lissafi ba, ba shi ke ajiya ba. Aikinsa ya kai wa saba abin da yaro ya danna, ya dawo masa da hoton sakamakon. Kowane yaro yana ganin kamar shi kaɗai ke da kwamfuta, alhali kuwa dukkansu a cikin na'ura guda suke aiki. Kai ka sanar da mu cewa tsarin ya daɗe, domin tun 1998 kamfanin Microsoft ya fito da ƙa'idar RDP da ake irin wannan haɗi da ita. Ga makarantar karkara tsarin yana da daɗi: ya fi araha, akwatunan ba sa shan wuta sosai har sola na iya ɗaukarsu, kuma manhaja sau ɗaya ake saka ta kowa ya samu. Rauninsa shi ne komai ya dogara ga na'ura ɗaya da kuma wayoyin da suka haɗa ta da sauran.

Dalilin da ya sa rufewar ɗakin ta hana mu barci sananne ne ga duk mai ɗa a ajin ƙarshe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa 2. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara gwada hakan da masu zana jarrabawa daga waje. Tsakanin Minjibir da birnin Kano tafiyar kamar kilomita 20 ce, amma yaron da ya taso a Kunya ko Wasai ko Kantama ko Sarbi, wanda safiyarsa ta gona ce, yammarsa ta kiwo, ba ya samun kwamfutar da zai taɓa sai a makaranta. Idan ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban allo, lokacin da ya kamata ya kashe a kan tambaya sai ya ƙare wajen neman inda harafi yake. Karatun yana kansa, hannunsa ne bai saba ba. Wannan ɗaki shi ne wurin sabon.

To, sai ɗakin ya fara ba mu wahala ta fuskoki da yawa. Wani layin alluna ya ƙi haɗuwa da saba gaba ɗaya. Waɗansu su haɗu, yaro na tsakiyar amsa tambaya sai haɗin ya katse. A waɗansu allunan hoton ya fi ƙarfin allon, maɓallan da ke can ƙasa, na wucewa tambaya ta gaba da na miƙa amsa, duk sun ɓace. Allo ɗaya ya rine ya koma ruwan hoda. Idan kuma aji ya cika, komai sai ya yi nauyi, ka danna harafi ka jira shi ya fito. Shawarar da aka yi ta ba mu ita ce a sake kayan duka, kuɗin da ba mu da shi, ba mu da hanyarsa.

Da ka zo, ba ka fara da kwance komai ba. Tambaya ka yi mini: "Malam, allo ɗaya ne ke yin haka, ko layi guda, ko duka?" Ka ce in tuna masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Wasai. Idan fangali ɗaya ne ya bushe, hanyar ruwansa ake bi. Idan gonar ce duka ta bushe, injin ban ruwa ake dubawa. Tun daga wannan tambaya matsalar da muke gani dunƙule ta rarrabu, kowace da sababinta.

Layin da ya mutu ka fara bi. Ka kai ni gaban akwatin da wayoyin ɗakin duka suke haɗuwa a cikinsa, ka nuna mini 'yan fitilun da ke bakin kowace kafa. Inda haɗi ke da rai, fitila tana ƙyaftawa. Inda ya mutu, shiru. Ka bi wayar da hannu a jikin bango har bayan kabad, inda ɓera ya ci rabinta. Wata wayar kuma ɗan maƙalin kanta ne ya karye, tana zaune a kafarta amma ba ta kama ba. Na tsaya a kanka ka feɗe bakin wayar, siraran wayoyi 8 masu launi daban-daban suka bayyana, ka jera su bisa tsarinsu tsakanin yatsu biyu, ka daidaita bakinsu, ka zura cikin sabon kai, ka matse. Sannan ka sa ta a na'urar gwaji, fitilu suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya har na takwas. Ka gargaɗe mu cewa irin wannan waya ba a ja ta fiye da mita 100, kuma ba a ɗaure ta tare da wayar lantarki.

Katsewar haɗi kuwa sababinta ba ya ganuwa da ido. Ka bayyana mana cewa kowace na'ura a ɗakin tana da lambar adireshinta, kuma ka tarar da akwatuna biyu suna riƙe da lamba ɗaya, in wannan ya shiga sai ya ture wancan. Ita kanta sabar adireshinta yana sauyawa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, akwatunan su yi ta nemanta a inda ta bari. Ka kafe mata adireshi guda, ka rubuta shi da manyan lambobi ka manna a bango. Ka koya mana umarnin ping, wanda da shi ake aika ɗan saƙo a ga ko saba za ta amsa. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki: agogon sabar ya koma shekarun baya, saboda ɗan batirin da ke riƙe shi, CR2032, ya mutu. Shaidar da na'urorin ke gane juna da ita tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka idan kwanan wata ya rikice sai su ƙi yarda da juna. Batirin kuwa har wurin masu gyaran agogo ana samunsa.

Da ka juya kan hoto, sai ka sa muka lura cewa allunanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu faɗi da ke ɗaukar ma'aunin 1366 da 768, akwai tsofaffi da iyakarsu 1024 da 768, ita kuwa saba ma'auni ɗaya take turo wa kowa. Shi ya sa hoton ke tsallake gefen ƙananan allunan, waɗansu ma su yi baƙi ƙirin. Ka daidaita wa kowane akwati gwargwadon allonsa, maɓallan da suka ɓace suka dawo. Allon da ya rine kuma, ka zare wayarsa mai shuɗin kai, ka haska cikinta da fitilar waya, ka nuna mini 'yan ƙusoshi 15 a jere uku. Ɗaya ta lanƙwashe, kuma ita ce mai ɗauke da launin kore. In babu kore, ja da shuɗi ne ke saura, shi ne ruwan hodar da muke gani. Da bakin allura ka miƙar da ita a hankali, kana riƙe numfashi don kada ta karye. Allon da muka yi niyyar jefarwa yana nan yana aiki.

Nauyin da ɗakin ke yi idan ya cika, ka gano shi a cikin sabar kanta. Ƙurar hunturu ta toshe fankarta, kuma na'ura in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ka fitar da ita waje ka hure ta, ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur kusa da iska. Ka cire hotunan ado da ke bayan allo, ka rage yawan launin da ake turawa, domin duk abin da ya bayyana gaban yaro ta waya ya biyo. Ka tsara mana yadda ake kunnawa: akwatin wayoyi da farko, sai saba, a jira ta gama tashi, sannan akwatunan ɗalibai.

Duk wannan gyara ne, kuma mun gode. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce gyaran. Ba ka juya mana baya kana aiki ba. Kowace waya da ka ɗaura, ta gaba mu ka sa muka ɗaura, malamai da manyan ɗalibai, kana tsaye kana gyara mana riƙo. Ka zauna ka rubuta matakan bincike da Hausa a takarda guda, daga duba wuta, zuwa fitilar haɗi, zuwa adireshi, zuwa agogo, zuwa wayar allo. Ka kuma gaya mana gaskiya a kan abin da ba zai gyaru ba. Akwatunan da ƙarfin wuta ya ƙona ka ce sun tafi, kada mu ba kowa kuɗi a kansu. Ka ce ƙwaƙwalwar sabar za ta ɗauki gwajin jarrabawa da koyon rubutu, amma ba za ta ɗauki aji guda yana kallon bidiyo ba sai an ƙara mata. Da ka so, da ka ɓoye sirrin mu yi ta kiranka muna biya. Kai kuwa ban da kuɗin mota da na kayan da ka sayo, ko kwabo ka ƙi karɓa.

Amfanin haka ya riga ya bayyana. Bayan tafiyarka wani allo ya sake ɗaukewa ana tsakiyar darasi. Kafin in taso, wata ɗaliba ta tambayi 'yan layinta ko nasu na aiki, ta leƙa fitilar da ke bayan akwatin, ta danna wayar ta zauna daidai, ta koma kan tambayarta. Minjibir gari ne da aka san shi da saƙa tun kaka da kakanni, kuma mutanensa sun san sana'a ba ta ɗorewa sai mai ita ya yarda ya zaunar da yaro kusa da shi. Abin da ka yi mana ke nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka godiyar ba taka kaɗai ba ce. Muna gode wa tsohon ɗalibinmu da ya ji kukanmu ya haɗa mu da kai. Muna gode wa ƙungiyar iyaye da malamai, manoma da 'yan tireda da suka haɗa abin da ya sawwaƙa aka sayi waya da batiri. Muna gode wa mai gyaran sola da ya duba mana batura, da baba maigadi da ya jira har dare ba tare da ƙorafi ba, da iyayenmu mata na maƙwabta da suka aiko da fura da tuwo don kada baƙo ya yi aiki da yunwa. Ga masu ba makarantu kyautar kwamfuta kuma, muna godiya, muna roƙo: duk wanda zai kawo kaya, ya haɗa da mai koya wa malamai yadda za su kula da su, ya bar musu na'urar gwajin waya da abin matse kai. Wannan ƙaramin ƙari shi ke sa kyautar ta yi shekaru tana amfani.

Ƙanena, ba mu da abin biyanka. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya yi wa sana'arka albarka, ya ji ƙan magabatanka, ya raya maka zuri'a. Yadda ka sauƙaƙa wa 'ya'yan talakawa hanyar karatu, Allah ya sauƙaƙa wa naka, ya haɗa su da masu koya musu ba tare da ƙyashi ba. Yaranmu kuma Allah ya ba su sa'ar jarrabawa, ya fitar mana da injiniyoyi daga cikinsu masu irin halinka. Idan kaka ta yi, muna sa ranka a Minjibir, iyayen yara suna so su gaishe ka da bakinsu.

Wassalam.

Yayanka,
Malamin kwamfuta, Minjibir.