Ƙasar da katafila ke fara kwashewa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ta Rimin Gado da Garo, ya san tifa da irin kayanta. Wata yashi, wata burji, wata tsakuwa mai ruwan toka da inji ya farfasa. Akwai kuma wani lodi da ba a cika lura da shi ba, ƙasa mai duhu-duhu, da saiwar ciyawa da guntun karan dawa a cikinta. In ka tambaya sai a ce maka ciko ne, fegin wani za a kai. Alhali ƙasar gona ce.

Yankin Kabo da Gwarzo, har da Dugabau, kan tsohon dutse mai tauri yake zaune. Wani wurin ya leƙo waje ya zama fa, inda mata ke shanyar barkono da kuɓewa. Wani wurin kuma yana kwance a ƙarƙashin gona. Mai son fasa shi, kafin ya kai ga huda rami ya ɗura nakiya, sai katafila ta kankare abin da ke sama. Wannan ƙasar ta sama ba ta da kauri, amma ita ce kakanni suka yi ta kai wa taki a mangala bisa jaki, ita ce shanun Fulani suka kwana a kanta bayan an yi girbi. Abin da ke ƙasanta jar ƙasa ce da marmara, ko gero ba ya jin daɗinsu.

Abin da ke damuna shi ne, ranar farko ake yanke hukuncin ƙarshen wurin fasa dutse, kuma ranar ce ba wanda ke dubawa. Hankali yana kan diyya, da samarin da za a ɗauka gadi ko lodi. Mai aikin da ya yi niyyar mayar da fili, tun ranar zai ware ƙasar sama ya tsiba ta gefe guda, bai cakuɗa ta da ta ƙasa ba, ya bar gamba ta fito a kanta don kada ruwan Agusta ya wanke ta. Zai riƙa cin dutsen hawa-hawa kamar matakala, don kada a tashi da gangare guda mai tsayin da akuya ko yaro ba zai faɗa ya fito ba. Wanda kuwa ya sayar da ƙasar a makon farko, ko me ya rubuta a takarda, ba shi da abin da zai shimfiɗa in dutse ya ƙare.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, lasisi ma daga Abuja yake fitowa. Amma ita ce kuma ta wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, da gabatar da tsarin gyara filin, da zuba kuɗi a asusun da aka tanada don haka. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta ƙara da ƙa'idojin fasa dutse da tada nakiya a 2013. Sai dai takarda tana ofis, rami kuma yana bayan gari.

Mu Kanawa mun san rami da aka bari. Kududdufan birni daga ɗibar ƙasar ginin gidaje da ganuwa suka samo asali, kuma kusan kowace damina sai an ji 'yan kwana-kwana sun ciro yaro daga wani kududdufi. Ramin dutse ya fi su haɗari, domin gefensa santsi, zurfinsa farat ɗaya, dutsen kuma ba ya shan ruwa. A Mpape ta Abuja wani tsohon wurin fasa dutse ya cika da ruwa, har a 2020 matasa suka mai da shi wurin yawon buɗe ido da ɗaukar hoto. Manomin Dugabau ba hoto yake nema ba. In an kwantar da gangaren ta gefe guda, an kewaye sauran da shinge, ruwan zai shayar da dabbobi a bazara, a ja shi da injin ban-ruwa a yi tumatir da albasa. Kewayen kuma a mayar da ƙasar da aka adana, a dasa darbejiya da gawo.

Don haka in baƙi masu son fasa dutse sun zauna a ƙofar gidan dagaci da taswirarsu, ina son dattijo ɗaya ya ce, “Ranka ya daɗe, a tambaye su, ƙasar gonar ina za a tara ta?” A nuna wurin da yatsa, a sa shi cikin yarjejeniya, tare da sharaɗin cewa tifa ba za ta ɗiba ba. Duba wannan ba ya buƙatar injiniya. Mai unguwa zai iya zagayawa sau ɗaya a wata ya ga ko tsibin yana nan yadda aka bar shi.